Ita Aka Ce, Ba Ku Ba

Litinin, 3 ga Maris

"Malama, ke dai ki koyi harshen mutanen nan. Ranar da sabon inji ya iso, kujerar shugaban sashen bugu taki ce, kuma ke za ki je ƙasarsu horo. Ni na faɗa, ki riƙe ni da ita."

To, na riƙe. Manaja ne ya faɗa, shekara biyu da suka wuce, yana tsaye a bakin ofishinsa yana sakace. Injin ya iso tun watan jiya, ga shi can ya cinye rabin zauren maɗaba'a. Kujerar kuma babu kowa a kanta tun da tsohon shugaban ya yi ritaya. Yau na tuna masa. Ya ce za a duba. Ba a banza ma'aikata suka sa masa Za-a-duba ba. Ko wuta ce ta kama rigarsa, haka zai ce.

Ni dai na yi nawa. Da furfurata na zauna aji ɗaya da yaran da na haifi kamarsu, duk Asabar, ina maimaita "wannan tebur ne". Jamusanci. Harshen da aikatau yake laɓewa a ƙarshen jimla, sai ranka ya kusa fita kafin ka san abin da aka aikata. Harshen da a nahawunsa yarinya ba mace ba ce. Na haɗiye duk wannan.

Kusan shekara ashirin ina duba kurakurai a gidan nan, daga baya aka haɗa mini da duba launi da ingancin bugu, ba tare da an ƙara mini ko kujera mai hannu ba. Babu takardar da take fita sai ta bi ta idona. Littafin bayanin sabon injin ma, ni kaɗai na karance shi daga bango zuwa bango.

Laraba, 5 ga Maris

Kamfanin da ya sayar mana da injin ya turo injiniyan da zai kafa shi. Tsoho ne, ƙato, gemu ya rufe masa baki har ba ka ganin ta inda magana take fitowa. Kafin a tashi cin abincin rana an riga an sa masa suna Gemu. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka ni ce bakinsa, ni ce kuma bakin Manaja.

Ashe haka aikin tafinta yake: ka ce "ni", kana nufin wani. Na wuni ina "ni, ni", ko sau ɗaya ba ni ba ce.

Manaja ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa cikinsa kamar mai sayen kankana, ya ce, "Tambaye shi ko za a iya sake masa fenti, wannan ruwan tokar bai yi mini ba." Na juya na ce wa Gemu Manaja yana son sanin irin kulawar da jikin injin yake bukata a wuri mai zafi. Gemu ya gyaɗa kai, ya ce tambaya ce ta mai hankali. Manaja ya kumbura kamar shi ya ƙera injin.

Hannuna ne ya saba. Mai duba kurakurai ba ta iya barin shirme ya wuce, ko na baki ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙafafuna. Kuma ni ake aika ɗauko shayi, wai ni na san yadda ake tambayar Gemu sukari.

Lahadi, 9 ga Maris

Baban Auta ya daina kirana da sunana, sai 'Yar Jamus. Na ajiye masa kofi da ƙarfi, ya ce, "Wannan ma da Jamusanci kika ajiye shi?" Ban yi dariya ba. Ya yi tasa shi kaɗai, ta ishe mu mu biyu.

Auta ta zo daga jami'a da wankinta. Ta ce tana alfahari da ni, wai ta gaya wa ƙawayenta ummanta tana jin harsuna uku. Na ce har da na huɗu, harshen shiru, shi na fi ƙwarewa. Ta ce, "Umma, ke komai sai kin sa masa barkono."

A makarantar koyon harshen akwai wani allo a bakin ƙofa: mace cikin kwat tana murmushi, an rubuta "Sabon harshe, sabon matsayi". Ba ƙarya suka yi ba. Da ina zaune nake aiki, yanzu a tsaye.

Talata, 11 ga Maris

Dole in rubuta wannan tun da zafinsa.

Yau aka yi gwajin farko. Bangon littafin kimiyya na 'yan firamare, mai hoton tsuntsu. Shuɗin yana zamewa daga kan rawaya, tsuntsun ya fito da inuwa kamar mai ciwon ido ne ya kalle shi. Gemu ya kunce nan ya ɗaure can, har gumi ya jiƙa masa wuya. Manaja yana gefe yana waya da mai yi masa gyaran mota. Na taɓa takardar, na ji ta da sanyi. Yau da safe aka fito da ita daga sito, ba ta kwana a zauren ta saba da iskarsa ba. Na gaya wa Gemu, amma yadda na saba faɗa: "muna ganin kamar". Mu wa? Oho.

Aka ɗauko takardar da ta kwana biyu a kusurwa. Tsuntsu ya fito sak.

Manaja ya gama wayarsa ya matso. Injin yana ruri, Gemu ya dube shi ya yi magana ta cikin gemun nan, ni kuma na fassara: "Ya ce ku kun fahimci injin nan, Yallaɓai. Ya ce lallai ku ya kamata ku je horon."

Da bakina. Na tsaya na miƙa masa tafiyata kamar ana miƙa ruwan wanke hannu.

Ya ce, "Ni? Allah sarki. Ce masa na gode." Na ce masa ya gode. Gemu ya yi murmushi ya kama hannunsa, har ya dafa kafaɗata. Na ce a raina, dafa da kyau, tsohon banza, haka ake dafa jaki in ya kai kaya.

Laraba, 12 ga Maris

Kowa ya ji. Manaja ya buga wa mai maɗaba'ar waya a gabanmu: Bature da kansa ya zaɓe shi. Wai tun yana yaro yake da basirar ƙarfe. Mutumin da ko stefular haɗa takardu take gagara.

Maganar kujera kuma, ya ce tun da shi zai je horon, zai riƙe sashen da kansa kafin a duba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Ana shan shayi, Manaja ba ya nan, Gemu ya ce a nemi riga mai kauri, don garinsu ko a watan biyar safiya tana cizo. Na ce zan gaya masa. Ya ce, wa? Na ce Manaja. Ya ajiye kofi, ya ce me ya haɗa Manaja da rigata?

Muka tsaya muna kallon juna.

Bari in rubuta shi dalla-dalla, don in Auta ta taɓa karanta wannan ta san irin wautar da ilimi yake iya yi. A Jamusanci kalma ɗaya ce, "sie", take nufin "ita", take kuma nufin "ku" ta girmamawa. A kunne babu bambanci ko kaɗan. Wutsiyar aikatau ce take raba su. In an ce "sie versteht", ita ta fahimta. In an ce "Sie verstehen", ku kun fahimta. Darasin watan farko ne. Na ci shi a jarrabawa ba kuskure ko ɗaya.

Ranar Talata Gemu cewa ya yi ita ta fahimci injin nan. Ita ya kamata ta je. Yana kallon Manaja ne saboda shi ne mai yanke hukunci, amma ni yake nufi. Da ya ga Manaja ya washe baki yana godiya, sai ya ɗauka an amince, har ya ce a ransa wannan shugaba ne mai son ci gaban mutanensa.

Na ce masa ƙarar inji ce. Ya ce haka ne, ga gemu kuma, matarsa ma tana kuka da shi.

Asabar, 15 ga Maris

Ba ƙarar inji ba ce. Na kwana na tashi da jimlar a kunnena, kuma "t" ɗin tana nan daram a ƙarshenta. Na ji ta. Kunnena ya ji, bakina ya gyara. Na ɗauke ta kuskure ne, irin wanda nake ja wa layi da jan biro, don a gidan nan ba a taɓa yabon wata "ita" a gaban Manaja ba.

Ni da na taɓa mayar da littafi guda saboda an rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa".

Ban je aji ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na shiga ofishin Manaja na yi masa bayani tiryan-tiryan, har na rubuta kalmomin biyu a bayan kalandarsa. Ya karkata kai ya duba, kamar mai duba hoton cikin wani.

Sai ya fashe da dariya. Har da hawaye.

"Malama, wato yau kin dawo kin sake fassarawa, kuma sabuwar fassarar ta ce ke ce? Gobe kuma sai ki ce ya ce a ba ki motata."

Na ce, Yallaɓai, a kira Gemu a tambaye shi.

"A tambaye shi ta bakin wa?"

Nan ya kama ni, kuma ya san ya kama ni. A duk gidan ni kaɗai ce shaida, ni ce mai ƙara, ni ce kuma tafinta. Ko ni ce alƙali ba zan yarda da ni ba.

Da zan fita ya ce kada in sa abin a raina, mata da yawa in sun kai shekaruna sukan riƙa jin abin da ba a faɗa ba. Na rufe ƙofar a hankali. Ina son a rubuta mini ladan wannan.

Laraba, 19 ga Maris

Na samo hanyar da ba ta bukatar bakina. Na roƙi Gemu ya maimaita maganar a gaban Manaja da yatsa. Ya yi kuwa. Ya nuna injin, ya nuna ni, ya ɗaga babban yatsa. Ya kwaikwayi jirgin sama da hannu, ya sake nuna ni. Har masu ɗinkin littafi da ke can ƙarshen zaure sun gane, ɗaya daga cikinsu ta tafa sau ɗaya ta fasa.

Manaja ya gyara hula. Ya ja ni gefe, ya sassauta murya, muryar nan tasa ta ta'aziyya.

Ya ce ya gani, kuma ba ya musu. Amma ya riga ya gaya wa mai maɗaba'a, kuma babba ba ya lashe maganarsa. Sannan in duba da kyau: in na hau kujerar sashe, takardu za su binne ni, wa zai riƙa amsa wayar kamfanin? Wa zai karanta abin da injin yake rubutawa a fuskarsa in ya tsaya? "Ke fa yanzu kin fi ƙarfin kujera, Malama. Shugaban sashe ko yaushe ana samu. Irinki kuwa sai an tona."

Wato da ban koya ba, da babu dalilin hana ni.

Sai ya kawo abin da yake ganin kyauta ce. Wai ai zan je ƙasar tasu. Tare za mu tafi, shi ɗalibi, ni tafintarsa. In zauna a bayansa wata biyu ina zuba masa ilimi a kunne, a ƙarshe a ba shi takardar shaida da sunansa, ni in riƙe masa jaka ya ɗauki hoto.

Ya ce, "Kin ga kowa ya samu."

Alhamis, 20 ga Maris

Na gaya wa Baban Auta. Na ɗauka zai ce in yi haƙuri, na riga na tanadi amsa mai zafi. Sai ya cire tabarau, ya ce, "Shekara nawa kina yi wa mutumin nan wankin baki?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Kin gane. Ni ma kina yi mini in mun je gidan yayarki."

Na rasa inda zan sauke amsar tawa, sai na sauke ta a kan tukwane.

Juma'a, 21 ga Maris

Yau na ajiye jan biro. Abin da aka faɗa shi na fassara, ba ƙari ba ragi.

Manaja ya ce, "Ce masa ya daina yi mana rowa, na san akwai maɓallin sirri da ke sa injin ya ninka gudu, suna ɓoye wa baƙar fata." Na faɗa, kalma bayan kalma, da nahawu mai kyau. Gemu ya dube shi, ya dube ni, ya tambaya ko wasa ne. Na ce wa Manaja yana tambaya ko wasa kuke yi.

"Me kika ce masa?"

"Abin da kuka ce, Yallaɓai."

"To ai da ba haka yake kallona ba."

Na ce wataƙila yau Jamusancina ne ya ƙaru.

Na ɗauka zan ji daɗi. Na ji, na kamar minti biyar. Daga nan sai kunya, don ko ba komai gidanmu ne, kuma a gaban baƙo.

Lahadi, 23 ga Maris

Auta ta bugo waya. Wai tana tunanin shiga ajin Faransanci, me na gani? Na buɗe baki in ce kada ta soma. Sai na ce ta shiga, amma duk ranar da aka ce "ɗan taimaka mana da fassara", ta fara tambayar a matsayin wa.

Talata, 25 ga Maris

Gemu yana haɗa kayan aikinsa, ya kusa gamawa da mu. Manaja ya tafi ɗinkin kwat. Na tsaya ina miƙa wa Gemu sifana, sai ya tambaye ni yadda aka yi na shigo harkar bugu. Na juya in ga wa ake tambaya. Babu kowa a bayana.

Na ba shi labari. Yadda na fara karatu da takardun da ake ƙunsa kaya a shagon babana, rabin labari a wannan ƙunshi, sauran sai in ƙirƙira. Yadda har yau nake shinshina sabon littafi kafin in buɗe. Na yi kurakurai, na sa aikatau inda bai kamata ba, na manta kalmar "tawada" gaba ɗaya sai da na nuna masa gwangwani. In ina fassara wa Manaja ba na tuntuɓe haka. Ashe faɗar maganar wani ta fi sauƙi. Amma duk "ni" da na ce yau, tawa ce.

Na tambaye shi ko kamfaninsu zai iya tilasta wa maɗaba'armu. Ya ce a'a. Su injin suke sayarwa, wanda za a tura horo mai gida ne yake zaɓa. Ya ce shi mai ɗaure ƙusa ne kawai.

Sai ya ce wata mai zuwa zai koma wata maɗaba'a a hayin gada, sun sayi irin injin nan, bayanta kuma akwai wata. Can babu mai jin harshensa. Da ya je dubawa, da waya mai fassara suka yi magana, ya ce a wanke shimfiɗar robar da take ɗaukar tawada, wayar ta ce musu a wanke bargo, wani ya tafi neman sabulu. Kamfaninsu yana neman wanda ya san tawada kuma ya san harshen, ya bi injinan nan yana koya wa ma'aikata, da sunansa, ba a bayan kowa ba. Ya ce zai iya kai ni wurin wakilinsu. Ya ɗaga yatsa ya ce, ba alkawari ba ne, ana iya cewa a'a.

Wannan jimlar sau ɗaya na ji ta na gane.

Alhamis, 27 ga Maris

Aikin wucin gadi ne, in ma an samu. Babu fansho, babu tabbas. A shekaruna. Baban Auta ya ce in na tafi wa zai riƙa kawo masa kalandar kyauta. Ita ce kaɗai damuwar da ya nuna, amma na ga ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

Na shiga wurin Manaja da safe, ban zauna ba. Na ce ina jira zuwa Litinin, talatin da ɗaya ga wata, kafin a tashi aiki. Kujerar da horon, da sunana, daga bakin mai maɗaba'a. Ba riƙo ba, ba rakiya ba. Ya buɗe baki, na ce Yallaɓai kada ku wahalar da kanku, na san abin da za ku ce, a duba ɗin kafin Litinin.

In Litinin ta wuce shiru, ranar Talata zan ba da sanarwar barin aiki, in bi Gemu hayin gada in ga wakilin nan. Manaja ya tafi ƙasarsu da bakinsa, ya tambaye su maɓallin sirri.

Kujerar nake so. Ita na yi wa wahala, kuma haƙƙina ce.

Da yamma na ga ya shiga motarsa ya nufi gidan mai maɗaba'a, sai na kama kaina ina fatan kada ya same shi a gida. Ban san me ya sa ba. Ai abin da na nema ke nan.

Na goge baƙin takalmina, mai daɗin tafiyar nan, na ajiye don Talata. Ya yi ƙura ne kawai.